Tozon da na zana a takarda

Ni na tura Yaya gona a waccan kakar. Gara in faɗa tun farko, don kada mai karatu ya wahalar da kansa yana neman mai laifi a wani wuri. Iyarmu ta ce kada ya tafi, shi da kansa bai matsu ba. Ni ce na shigo gida da takarda a hannu ina ɗaga murya kamar wadda ta leƙo gobe ta dawo.

A lokacin ina aikin jinya a wani gidan likita a Gure, ban kai shekara talatin ba, kuma ɗakin wankin rauni shi ne nawa. Daga ɗaukewar damina har shigowar sanyi ɗakin nan ba ya hutawa. Tabkunan arewa su bushe, makiyaya su gangaro da dabbobi, manoma kuma ba su gama kwashe wake da harawa ba. Shanu su faɗa gona, ko manomi ya noma burtali ya toshe musu hanya, a fara da zagi, a zare sanda, daga sanda sai takobi da gatari. Abin da ya rage a jikin mutane shi ake kawo mini. Na ga ƙeyar da aka tsaga har farin ƙashi ya fito. Na ga yatsu uku suna reto da fata kawai. Na taɓa zaro kan kibiya daga cinyar wani tsoho da ya ciji hularsa har ya huda ta. Manomi da makiyayi kukansu ɗaya ne in aka zuba musu alkol na wanke rauni.

Abin da ya fi zauna mini a kai shi ne wari. Kusan duk wanda aka kawo, warinsa ke riga shi shiga ɗaki. Raunin ya yi baƙi, an cusa masa toka ko garin bagaruwa, ko an kwarara masa man shanu mai zafi, wani lokaci har da tsutsa. In na koma gida Iya ba ta bari in taɓa kwano sai na yi wanka na sake zane.

Mu biyu muka rayu cikin ƴaƴan Iya, Yaya da ni. Ya girme ni da shekara goma sha ɗaya, kuma tun da Baba ya rasu shi ne ya tsaya a kaina. Shi ya kafe sai na yi lakwal, wato boko, shi ke goya ni a keke har bakin aji, shi ya taɓa shaƙe wani mai shago don ya ja mini kunne. Gonarsa tana wajen Gamu, kuma iyakarta ta yamma burtali ne. Mutum ne mai kyauta, mai dariya har ya riƙe ciki, amma zuciyarsa a kusa take. In ransa ya ɓaci hannunsa ke riga bakinsa magana. Kakar da ta gabaci wannan ya shigo mana da azahar, goshi a tsage, jini ya toshe masa ido ɗaya. A bayan ɗakin Iya na ɗinke shi, ina ɗinki ina zaginsa, yana ce mini, “Auta, hannunki ya fi sandar zafi.” Ban rubuta shi a rijista ba, domin duk raunin faɗa da ya shiga rijista sai jandarma sun bi sawunsa. Tun daga ranar na sa a raina cewa wata kakar gawarsa za a kawo mini, kuma wannan tsoron bai sake barina ba.

Ana haka wani furoje na masu agaji ya kawo mana ordinatar, wato kwamfuta. Aka ajiye ta a biron lokotoro, ofishin babban likitanmu, aka ɗinka mata mayafi kamar amarya, ba a kunna ta sai da safe in gurup, injin ba da wuta, yana aiki. Lokotoron namu baƙo ne daga yammacin ƙasa, siriri, mai haƙuri, Hausarsa duk a karkace. Da ya ji na taɓa koyon keken rubutu sai ya zaunar da ni gabanta. Ya nuna mini abin da yake kira tablo: fili ne mai layuka a tsaye da a kwance, duk ya rarrabu ƙananan akwatuna, kowane akwati ka zuba masa lamba ko kalma. Masu ƙyanda da masu sanƙarau muke zubawa, sati bayan sati. Wata safiya ya ja ya rufe layi biyu da baƙi, ya danna nan ya danna can, sai ga zane ya fito. Satittika sun jeru a ƙasa daga hagu zuwa dama, yawan mutane a tsaye, wani zare kuma yana tafiya a kansu, ya hau ya sauka. Ya ɗora yatsa inda zaren ya fara hawa ya ce a nan ya kamata mu riƙa neman magani, ba a can sama ba. Ni kuwa ban ji sauran maganar ba. Goshin Yaya nake gani.

Na kwaso rijistocin ɗakina na shekara huɗu, ɗaya gara ta ci bayanta. Duk safiya in na gama wankin farko sai in saci rabin awa in zauna. Layin farko kwanan wata, na biyu gari, na uku irin raunin: sanda, takobi, gatari, kibiya. Na bar cizon jaki da faɗowa daga bishiya, faɗa kawai na tsinto. Na fi wata ɗaya ina wannan aikin, ina buga wa mutane rauninsu da yatsa biyu, wasu ina tuna fuskarsu, wasu warinsu kawai. Zanen farko da na fitar shirme ne. Satin da ba a kawo kowa ba ban sa shi ba, sai na'urar ta haɗe rani da kaka wuri ɗaya, shekara duka ta tsuke ta zama faɗa daga farko har ƙarshe. Lokotoro ya yi dariya ya ce, “Madam, satin da babu kowa shi ma sati ne. Ki ba shi wurinsa, ki sa masa sifili.” Na koma na ba kowane sati layinsa, hamsin da biyu a shekara, na sa na'urar ta tattara mini raunukan kowane sati.

Zanen ya sake fitowa. Zare huɗu ne, kowace shekara da nata, ɗaya ɗige-ɗige, ɗaya tsinke-tsinke, don firintarmu baƙi kawai ta sani. Duk huɗun suna kwance a ƙasa tun daga farkon shekara, ɗan motsi nan da can, har bayan girbin gero. Sai a wuri ɗaya duk suka miƙe tare, suka yi tozo kamar na bijimi, faɗin sati uku, suka sauka. Shekara huɗu, tozo huɗu, kusan a kan juna. Na ji kamar an ba ni makullin wani ɗaki. Ashe abin da muke kira tsautsayi yana da lokacin zuwa kamar motar kasuwa.

Na kai wa Majo takardar. Majo shi ne tsohon shugaban masu jinya, ya yi shekara talatin yana ɗinkin mutane, kuma bai taɓa gaishe da ordinatar ba. Ya sa tabarau, ya juya takardar sama da ƙasa, sannan ya kai ta hanci ya sunsuna.

“Ƴata, wannan ba ta wari,” ya ce.

“Baba Majo, takarda ce ai.”

“To. Ni dai na ce ba ta wari.”

Na karɓe abata ina ƙunƙuni. A raina na ce tsufa ne da baƙin ciki, mutum ya ga yarinya ta gano abin da ya gagare shi.

A wannan satin Yaya yana gidanmu a Gure. Ya gama girbin gero, ya kawo wa Iya nata, zazzaɓi ya kwantar da shi kwana biyar. Wake da harawa suna can gona ba a kwashe ba, matarsa da yara suna ƙauye. Iya ta riga ta yanke shawararta: zai zauna har a saki gonaki ga dabbobi, surukansa su tsinci abin da suka iya, sauran shanu su ci. Mai kawo mata nono ta gaya mata ruwan arewa ya ƙafe da wuri, garkuna sun fara motsi. Na shigo na same su a tsakar gida, yana shan kunu, na shimfiɗa takardar a kan tabarma na danne ta da ludayi.

“Yaya, dubi nan. Ga inda muke yau. Ga inda ake faɗa. Tsakani akwai sati biyu cur, ka ga zaren a kwance yake. Ka tafi gobe, ka kwashe wakenka, ka ɗaure harawarka, ka dawo kafin tozon nan. In ya wuce ka koma.”

Iya ta ce, “Ke, takardar taki ta ga shanu ne?”

“Iya, shekara huɗu ce a nan. Duk wanda aka sara yana ciki.”

“Mai nono da idonta ta gani.”

“Mai nono ta ga garke ɗaya, ni na ƙirga mutane ɗaya bayan ɗaya. In ya zauna wake ya lalace, me yaran za su ci da rani? Kuma kin san shi, ba zai zauna ba. Ranar da ya ji an shiga gonar zai fita ko da tsalle ta katanga, ya faɗa tsakiyar faɗan. Gara ya je yanzu da babu komai.”

Na yi magana mai yawa a ranar, da Faransanci ma na haɗa don ta ƙara nauyi. Yaya ya ɗauki takardar yana murmushi, ya ce, “Iya, mun sa ta lakwal, ai sai mu ci amfaninta.” Na zana masa da'ira da jan bik, alƙalamin aikina, a kan tozon, na ƙirga masa kwana goma sha biyu a yatsu. Ya ninke takardar ya sa a cikin hularsa. Washegari ni na raka shi tasha, ni na riƙe masa buhu har ya hau motar kasuwa, kuma gatarinsa na gani a ɗaure jikin buhun.

Sati biyun nan ban taɓa samun kwanciyar rai irinsu ba. Ɗakina shiru, sai ƙuraje da ƙunar wuta. Duk ƙarshen sati in buɗe tablo in sa sifili, in ga zaren bana yana bin sawun ƴan'uwansa a kwance. Har tsokanar Iya nake yi, in ce ina mai nono da shanunta. Kwana goma sha biyu suka cika Yaya bai dawo ba, na ce wake ne ya yi yawa.

Ranar Litinin ta satin farko na tozo, da hantsi, aka durƙusar da raƙumi a ƙofarmu. Makiyayi ne aka sauke, mutum mai kamar shekara arba'in, dogo, ƙaninsa na riƙe da shi. Gatari ya same shi tsakanin wuya da kafaɗa, ya karya ƙashin ya nutsa. Da na ɗaga tsumman sai da na kau da kai. Ƙirjin ya kumbura, ruwa rawaya na tsiyaya, in ya ja numfashi raunin ya yi kumfa. Na wanke, na yanke naman da ya mutu, bai yi kuka ba, ƙasa kawai yake kartawa da dugadugansa. Na rubuta shi a rijista da kwanan ranar. Kuma zan faɗi abin kunya: da na ajiye bik ɗin, wani ɓangare na zuciyata ya ji daɗi. Tozo ya zo a kan lokacinsa.

Washegari kafin azahar amalanken jaki ya shigo. Surukin Yaya ke tuƙi, a baya mutum ne kwance an rufe shi da bargo. Warin na fara ji, sannan na ga hular. Ban san yadda na isa wurin ba. Fuskarsa ta zabge, leɓe ya tsattsage, idanu sun yi rawaya. Hannun dama an ɗaure shi da igiyar kaba a saman gwiwa. Takobi ya shiga ƙasa da gwiwar hannun, ya raba tsoka ya datse ƙashi ɗaya, an cika ramin da bagaruwa. Daga yatsu har kusan damtse baƙi ne ƙirin, fatar tana saɓulewa in an taɓa. Ya buɗe ido ya ce, “Auta, na makara.” Na ɗauko almakashi. Majo ya ture ni gefe ya karɓa.

Yana yanke igiyar ya tambaya, ba tare da ya ɗaga kai ba, “Yaushe aka yi?”

Surukin ya yi ta kame-kame. Yaya ya ce, “Yau kwana goma sha biyu.”

Na ƙirga baya a tsaye a wurin. Kwana uku bayan na sa shi a mota. Tsakiyar wurin da na nuna masa da yatsa na ce babu komai.

Daga baya ya ba ni labarin, kuma sau ɗaya ya ba ni. Ya tara harawa dami-dami a gefen burtali. Da hantsi yana can ƙarshen gona yana tsinkar wake ya ɗago ya ga shanu a kan damman, suna fizga suna tattakewa. Ya rugo da gatari yana ihu. Saniyar da ta fi kusa ya sara a ƙafar baya, ta zube tana kuka, jini na feshi. Mai shanun ya taso daga bayan garke, ya zabga masa sanda a haƙarƙari har ya durƙusa. Ya miƙe ya kai masa sara, mutumin ya kauce ya zare takobi. Yaya ya tare da hannu, ya ji ƙarar ƙashinsa kafin ya ji zafi. Gatarin ya faɗi, ya ɗauke shi da hagu, ya ɗaga da duk ƙarfin da ya rage masa ya sauke. Su biyun suka faɗi a kan harawar, shanu suna tsallake su. Ya ce yana kwance yana jin mutumin yana salati, shi ma yana yi. Mutanen kowa suka zo suka ja nasu. Don tsoron jandarma aka ɓoye Yaya a wani rumbu da ba kowa, ana masa maganin gida, har sai da wari ya hana matarsa shiga.

Ɗakin kwanciyar maza ɗaya ne gare mu. Da aka shigo da Yaya, ƙanin makiyayin jiya yana zaune a gefen gadon ɗan'uwansa. Ya dubi fuskar, ya dubi hannun, ya miƙe. Ban taɓa jin ƙarar zare takobi a cikin ɗaki ba sai ranar. Surukin Yaya ya fizgi ƙarfen rataye ruwan jijiya ya tare, saran farko ya lanƙwasa ƙarfen, kwalbar ta fashe a ƙasa. Marasa lafiya suna ta rarrafe ƙarƙashin gadaje. Ni tasar wankin rauni ce a hannuna, cike da ruwan jini da mugunya, na watsa masa a fuska, na bi shi da tasar na kwaɗa masa a kunne. Ya juyo kaina, takobin ya wuce ya tsaga mini hannun riga. Majo, tsoho mai ciwon gwiwa, ya rungume shi ta baya ya maƙale, suka faɗi tare a kan gilas. Mai gadi da wasu masu jinya suka danne shi, aka murɗe takobin. Yana ƙasa yana kuka yana kiran sunan yayansa, yayan kuma yana kan gado yana kallon silin, bai ma san ana yi ba. Kafin la'asar jandarma sun cika gidan, ɗaya a ƙofar ɗaki da bindiga.

A cikin wannan hargitsin Iya ta iso. Ba ta yi kururuwa ba. Ta duba hannun, ta shafa masa kai, ta cire hular don ta gyara masa kwanciya, takardar ta faɗo. Ta yi laushi da gumi, jan bik ɗin ya baje. Ta buɗe ta, ta dube ta, ta taka har inda nake tsaye. Marin da ta yi mini sai da na ga wuta, kunnena ya yi ta ƙara har dare. Rabon da ta taɓa ni tun ina ƴar shekara tara. Ta cusa mini takardar a ƙirji ta ce, “Riƙe shekara huɗunki.” Ta koma wurin ɗanta.

Na nufi biron lokotoro da niyyar fasa na'urar. Na fizge mayafin, na ɗaga kujera sama. Majo ne ya biyo ni, yana ɗingishi, gwiwar hannunsa na jini. Bai riƙe ni ba. Ya jawo rijista ɗaya daga kan tebur ya buɗe, ya ɗora yatsa a layin farko.

“Wannan kwanan watan, na mene ne?”

“Ranar da aka kawo mutum.”

“To. Shekara nawa kina ɗakin nan? Wa ya taɓa kawo miki ɗanyen jini?”

Na sauke kujerar na zauna a kanta. Ba na'urar ce ta yi ƙarya ba. Abin da na ba ta shi ta zana. Ranar zuwa likita na zuba mata, na kira ta ranar faɗa. Mutanenmu kuwa ba sa zuwa ranar da aka sare su. Ɓuya suke yi, manomi a rumbu, makiyayi a daji, su yi ta toka da man shanu, sai rauni ya ruɓe zazzaɓi ya kama su sannan a ɗauko su. Tozon da na zana na masu ruɓewa ne. Faɗan yana can baya, kwana goma ko fiye, a daidai inda zaren yake kwance. Hancina ya san wannan tun ranar da na fara aiki, kullum da shi nake komawa gida. Kuma mutum ɗaya da ya taɓa zuwa mini da ɗanyen jini, Yaya ne, shi ne kuma na ƙi rubutawa. Na yi kuka a biron nan har lokotoro ya shigo ya same ni ya fita.

Da safe aka ɗauki Yaya zuwa Damagaram, jandarma ɗaya a gaba, ni da Iya a baya. Duk tsawon hanyar ba ta dube ni ba. A can aka yanke hannun a saman gwiwa. Makiyayin bai kai ga tafiya ba, ya rasu bayan kwana biyu, a ɗakina, a hannun Majo. Na ji yana da ƴaƴa biyar. Da dungulmin ya warke aka yi shari'a, aka kai Yaya gidan kaso.

Na koma aiki, don babu inda zan je. Na ɗauki bik na ja sabon layi a gefen rijista da hannuna, na buɗe sabon layi a tablo kuma: ranar da aka ji rauni. Duk wanda aka kawo sai na tambaye shi. Da farko ƙarya suke mini, kowa ya ce jiya, alhali tsutsa ta girma a ciki. Sai na koyi tambaya ta wata hanya: kafin kasuwar Gidigir ne ko bayanta, an yi Juma'a nawa tun lokacin. In baki ya ƙi, in duba launin naman in sunsuna. Kaka biyu na yi ina tarawa kafin in yarda in sake zana komai. Da na zana, na sa zare biyu a fili ɗaya, na zuwa da na sara. Tozon sara ya ja baya ya zauna daram a kan sati biyun da na ba Yaya. Lokotoro ya ɗauki takardar ya kai wurin taron da ake yi da masu gari da shugabannin makiyaya kafin sakin gonaki. An ce sun duba. Ko ta hana wani sara ban sani ba, kuma ban ƙara ɗaukar takarda na kai gida ba.

Layin Yaya yana nan a cikin tablon, ni na buga shi, tsakanin na makiyayin da na wani mai raunin kibiya. Gari, Gamu. Rauni, takobi. Akwatin ƙarshe na'urar ce ke cikawa da kanta, ta ɗebe ranar sara daga ranar zuwa. Ta rubuta goma sha biyu.

Ranar da aka sake shi gidanmu ya fara sauka. Ya rame, furfura ta fito masa, hannun rigar dama an ninke an soke da fil. Na shirya maganganu da yawa na neman gafara, na yi shekaru ina jera su, amma da ya zauna a kan tabarmar nan sai duk suka gudu. Bai taɓa ce mini ke kika ja ba, ko a kaso da nake kai masa abinci. Da ma ya faɗa, da na samu abin amsawa. Aka kira la'asar. Ya jawo buta ya matse ta tsakanin gwiwoyinsa, yana ƙoƙarin karkata ta, ta zame ta faɗi. Iya ta yunƙura, ya ce ta zauna.

“Auta, zo ki zuba mini.”

Na cika butar na durƙusa a gabansa. Ya yi bisimilla. Na karkata bakin butar wajen damansa, yadda kowa ke farawa, ruwan ya zuba a kan rairayi. Muka tsaya ni da shi muna kallon wurin da ya jiƙe. Sannan ya miƙo hagun a hankali ya ce, “Nan, Auta.” Na zuba masa.